Ƙwaron da Yake Kiran Damina

Shekara uku ke nan, duk lokacin da bazara ta kama, nakan fito bayan sallar azahar in zauna a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidana a Kura, in tuɓe hula, in kasa kunne. Maƙwabta sun ɗauka iska nake sha, ni kuwa ban gyara musu zato ba. Abin da nake saurare kukan wani ƙwaro ne wanda a da yake cika bishiyoyi daga hantsi zuwa la'asar a watannin zafi, kuka mai tsawo, mai kaifi, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse ba a ɗagawa. Ba na jin sa. Ban ma san shekarar da na daina jin sa ba, domin mutum ba ya lura da ranar da wani abu ya yi shiru.

Bayani biyu ne kawai. Ko dai kunnena ya tsufa, ko kuwa ƙwaron ya ƙare a wannan ƙasa. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin malamin gona a wannan yanki kafin in ajiye aiki, kuma babban abin da aka san ni da shi koyar da feshin maganin ƙwari ne. Saboda haka duk wanda ya san ni zai gane amsar da nake fata. Idan kunne ne, tsufa ne, kuma tsufa ba aikin hannun kowa ba ne.

Wadda ta koya mini sauraron wannan ƙwaro kakata ce, mahaifiyar mahaifina. Inna muke ce mata, domin haka muka ji mahaifinmu yana kiranta. Mun taso a hannunta a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, tun kafin a kawo ruwan madatsa a tsattsaga ƙasar da hanyoyin ruwa. A wancan zamani idan damina ta wuce, ta wuce ke nan. Gero da dawa ake nomawa, sai ɗan lambun fadama da ake ba ruwa da jigo. Inna ba ta san watannin boko ba. Watannin Musulunci ta san su sarai, amma ta ce su na azumi ne da salla, suna zagaya shekara, ba su tsaya wuri ɗaya ba balle manomi ya jingina da su. Da ƙwari take ƙidayar shekararta. Ta san lokacin da shinge yake fitowa, wato garar nan mai fukafukai, ta san lokacin da gyare yake haƙa rami a gefen gona, da lokacin da fara take ƙiba, da makonnin sanyi da duk suke ɗauke murya, ka bi gona tun daga wannan kai har wancan ba abin da zai tashi a gabanka.

Shi wannan na bazara kuwa, Mai Kira take ce masa. Ba kasafai ake ganinsa ba. Launinsa launin ɓawon itace ne, kuma da ka matso gindin bishiyar sai ya ɗauke, ka wuce ya ci gaba. Da kunne kaɗai ake saninsa.

A ɗakin Inna ake ajiye irin shuka na gidanmu, zangarnun gero da na dawa a rataye a saman murhu, inda hayaƙi yake kare su. Ko mahaifina, da gemunsa da iyalinsa, ba ya taɓa su sai da izininta. Ƙa'idarta ɗaya ce: ranar da ta fara jin Mai Kira za ta sa a sauke irin a sussuke a gyara, amma ba za a kai shi gona ba sai ya yi shiru kuma shinge ya fito. Na tuna wata shekara da aka yi ruwa da wuri, ruwa mai ƙarfi, gari duk ya fita da sungumi. Mahaifina ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, kowa ya fita. Ƙasa ta jiƙa har kamu ɗaya."

Ta ɗaga yatsa ta nuna tsamiyar bayan gida, inda ƙwaron yake ta tsala kuka.

"Kana jin sa? To wanda ake kira bai iso ba tukuna. Wannan ɗan aike ne ya wuce."

Ya tashi ba da son ransa ba. Aka yi kwana ashirin ba ɗigon ruwa, shukar mutane ta ƙone, suka dawo suna neman iri. Ba zan ce Inna ba ta taɓa kuskure ba. Akwai shekarar da jiranta ya sa muka makara. Amma wancan kwana ashirin ɗin shi ne abin da mutanen ƙauyen suka riƙe.

Da maraice, idan an kwashe tuwo an ci, kafin a kira sallar isha'i, ba ta barin a kashe wutar murhu. Takan ja tabarmarta kusa da garwashi ta ɗauki mazari tana kaɗi, mu kuma mu kewaye ta: ni, da yayata Asabe wadda ta girme ni da shekara uku, da sauran yaran gida. Abin da ke kan garwashin yana bin shekara. Farkon damina shinge ne a kasko, yana narkewa cikin mansa. Da kaka fara ce, an cire mata fukafukai an barbaɗa gishiri. Da bazara babu komai sai hasken kawai, kuma mukan ja da baya saboda zafi, ita kaɗai ke kusa da wutar, rabin fuskarta ja, rabi cikin duhu.

Ni take fara tsokana, kamar yadda kaka take yi da jikanta namiji, musamman da aka sa ni makarantar elementare.

"Maigida, an dawo? Me ka kawo mini na cefane, ko yau ma alli za mu ci?"

Wata rana na zo mata da alfahari na ce malaminmu ya nuna mana hoton Mai Kira a littafi, har ya gaya mana sunansa da Turanci. Na faɗi sunan. Ta sa na maimaita sau uku, tana karkata kai kamar mai ɗanɗana miya.

"To madalla. Gobe ka je gindin tsamiya ka kira shi da shi, mu ga ko zai waiwayo."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai sau ɗaya a shekara, a maraicen ranar da ta fara jin Mai Kira. Ko mun roƙa a wani lokaci ba ta yi. Tana da yadda take buɗewa, wanda ban ji a bakin kowa ba sai ita. Takan dubi ƙofa ta ce, "Ga wata baƙuwa ta iso." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "A shimfiɗa mata."

Damina, in ji Inna, tsohuwa ce makauniya. Tana zaune can kudu bayan duwatsu, da tulu a kanta wanda ba ya ƙarewa. Ba ta ganin hanya, saboda haka duk shekara sai an kira ta take tasowa, tana bin murya. Da aka raba wa ƙwari aiki, sai aka ba Mai Kira wannan, domin ya fi kowa jure rana. Shi ne yake hawa bishiya a lokacin da kowa ya nemi inuwa, ya yi ta kira har tsohuwa ta laluba ta iso. Idan ta iso sai ya yi shiru. Shinge su fito su zubar da fukafukansu a ƙasa ta taka. Gyare ya riƙa yi mata hira da dare don kada kaɗaici ya sa ta koma da wuri. Makesu kuwa, ƙwarin nan masu walƙiya, su kunna mata fitilu. A nan kullum Asabe take tsayar da ita.

"Inna, ai kin ce ba ta gani."

"Ba ta gani. Amma ba wanda ya gaya musu. Ke ma kada ki gaya musu, za ki kashe musu gwiwa."

Idan tsohuwa ta tashi komawa, fara ce take raka ta, tana karɓar ladan rakiya a gonakin mutane.

To, akwai wani mutum, Na-Rijiya. Ya haƙa rijiya mai zurfin da ba a taɓa gani ba, ya sami ruwan da ba ya ƙafewa. Ya kewaye lambunsa da shinge na ƙaya, ya ce shi da makauniya sun rabu, ba shi da sauran buƙatar a kira masa kowa. Ƙwari kuwa suna hana shi barcin rana, suna huda masa ganye. Sai ya tara barkono ya yi wa bishiyoyinsa hayaƙi, ya toshe ramuka, ya share, ya ƙone, har babu sauran abin da yake motsi ko yake kuka a cikin lambun. Damina ta zo wucewa, ba ta ji kira daga wajen ba, ta ratse. Shi ko a jikinsa. Lambunsa kore shar, rani da damina.

Mahaifiyarsa tana wani gari, kuma ya yi mata alkawari cewa idan kaka ta yi zai zo. Kullum da safe sai ya fito ya dubi lambu, ya ga kore. Ya saurara, bai ji fara ba. Ya ce da sauran lokaci, ya ɗauki guga. Haka yake yi, haka yake yi, har ranar da wani matafiyi ya tsaya neman ruwan sha ya ce masa, "Sannu, Baba." Ya ce, "Wa kake ce wa Baba?" Ya leƙa cikin guga ya ga farin gemu. Ya ajiye gugan ya kama hanya. Da ya isa garin, bai sami ko mutum ɗaya da ya tuna inda gidan tsohuwar yake ba. Ya juyo ya dawo, ya ɗauki gugansa ya ci gaba da ban ruwa.

A nan Inna take tsayawa, ta ci gaba da murza mazari. Mu kuwa mun saba da tatsuniyar da mugu yake faɗawa rami ko kura ta cinye shi.

"Sai me ya same shi, Inna?"

"Ba abin da ya same shi. Albasarsa ta yi kyau."

"Shi ke nan?"

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku tashi ku yi alwala."

Na daɗe ina ganin wannan ita ce mafi rauni cikin tatsuniyoyinta. Har na taɓa gaya wa Asabe cewa tsohuwar ta manta ƙarshenta ne, tana jin kunyar faɗa.

Inna ta rasu a shekarar da katafila ta fara share filayenmu, ba ta ga ruwan madatsar ba. Ni kuwa na gan shi, ina saurayi sabon fitowa daga makarantar aikin gona, da wandon kaki da littafin rubutu a aljihu. Na tsaya a kan gaɓa na ga ruwa yana gudu a tsakiyar rani cikin ƙasar da a da ko akuya ba ta samun abin ci, na ji kamar da hannuna na kawo shi. An tumɓuke gawo da ɗorawa da tsamiya masu yawa don a daidaita filin. Ban yi baƙin ciki ba a lokacin, kuma ba zan ƙirƙiro shi yanzu ba.

Haka kuma ba zan yi wa aikina ƙarya don in sami sauƙi ba. Mutanen da suke tafiya cin rani duk shekara sun zauna a gida. An ci shinkafa a gidajen da a da sai da salla ake ganinta. Na ga magidanci ya zauna a kunyar tumatir yana kuka kamar yaro, domin tsutsa ta gama da gonarsa cikin 'yan kwanaki, kuma na san abin da zai hana hakan yana cikin kwalba. Na koyar da shi da gaskiya: a auna da murfi kada a zuba da ido, a juya wa iska baya, a rufe hanci da baki, kada a wanke injin feshi a hanyar ruwa. Na kuma ce kada a yi feshi da hantsi lokacin da zuma take kan fure. Wannan na ƙarshe ba a cika ji ba, ni ma ban cika nanatawa ba.

Da aka koma noma sau biyu, sau uku a shekara, sai feshi ya zama ba shi da lokaci, kamar yadda kore ya zama ba shi da lokaci. Wasu ƙwarin sun ƙaru. Sauro yanzu ba ya tafiya hutu. Tsutsar tumatir da ƙananan fararen ƙwarin da ke maƙale a bayan ganye, ka fesa yau, mako mai zuwa suna nan. Waɗanda suka ragu su ne waɗanda ba a yi niyyarsu ba. Na daɗe ban ga makesu ba, amma na ce hasken lantarki ne ya dushe su. Yara sun daina haƙar gyare, na ce sun sami biskit. Kowanne na samo masa dalili. Mai Kira ne kaɗai ya ƙi karɓar dalili, domin na san daga karatuna cewa 'ya'yansa a ƙarƙashin ƙasa suke zama shekaru, suna tsotson saiwar bishiya kafin su fito. Sare bishiya yana isa gare su, ruwan shinkafa da ke kwanciya a fili yana isa gare su, magani ma yana isa. A cikin ukun nan babu wanda ban sa hannu ba. Sai kunne ya rage mini.

Bara jikata Hafsatu, wadda take karatu a Kano, ta zo hutu ta same ni a gindin darbejiya, kaina a sama.

"Tsoho, me kake nema a bishiya? Ko kishiya za ka sauko mini da ita?"

"Wa zai bar mai ƙona shinkafa irinki ya nemi wata? Zauna nan. Yi shiru. Gaya mini abin da kike ji."

Ta zauna, ta rufe ido da wasa.

"Injin casa. Babur. Wani yana kiran Sani. Sai cikinka, ina jin ba a ba ka abinci ba."

"Ban da su. Daga sama."

"Kamar me?"

Na yi ƙoƙarin kwatanta mata na kasa. A ƙarshe na haɗa haƙora na fitar da sautin da bakina, ni da aka sani ba na ko dariya da ƙarfi a bainar jama'a. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga ban yi ba sai ta tsaya.

"Wallahi, Kaka, ban sani ba. Wataƙila ina ji ban san shi ba ne. Bari in nemo maka a intanet, ina da data, minti ɗaya. Sai mu ga ko za ka ji."

Ta riga ta zaro wayar. Na ce ta mayar. Ta ce to mu je asibiti a duba kunnen, tes ɗin ba ya ɗaukar lokaci, kuma dama rediyona yana hana mutanen gida sakewa. Na ce ba yanzu ba. Maganar rediyon kuwa na riƙe ta kwana da kwanaki kamar wanda aka yi wa albishir.

Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda muka zauna a gaban waccan wutar tare, wanda ba sai na kwatanta masa komai ba. Yaya Asabe ta yi aure tun tana budurwa a wani ƙauyen tudu ta wajen Dawakin Kudu, inda ruwan madatsa bai kai ba, kuma can ta tsufa. Tun shekarar farko na ƙudurta zan ɗauko ta ta kwana biyu a gidana da bazara, in zaunar da ita a gindin darbejiya, in dubi fuskarta. Ba tambayar da zan yi ta waya ba ce, domin ba ta riƙe waya, ɗanta Musa ne yake tsayawa a tsakani yana maimaita mata, kuma ba zan sa ɗan 'yar'uwata ya ji ina tambayar ko na kurumce ba. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Amma ina da ɗan fili da nake nomawa tun da na ajiye aiki. Na ce sai an cire albasa. Da aka cire, ga renon shinkafa. Da aka dasa, ga taki. Bazarar farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ba wanda ya hana ni.

Bana, a tsakiyar zafi, Musa ya kira ni da hantsi. Yaya Asabe ta yi sallar asuba, ta koma ta kishingiɗa, ba ta tashi ba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sa babbar riga, na nemi mota. Ban yi kuka ba. Na lura da cewa ban yi ba, kamar yadda mutum yake lura da cewa bai ɗauko carbinsa ba.

Saboda zafin rana ba a jira ni ba, kafin in isa an kai ta. Na tarar da maza a zaune a kan tabarmi a gindin wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidan. Gonakin da ke kewaye busassu ne, an share su an tara kara, ana jiran ruwa. Na shekara da yawa ban ga ƙasa tana jira ba. Aka matsa mini wuri kusa da Malam Tanko, ƙanen mijinta marigayi, dattijo sa'ana. Aka yi addu'a, aka shafa. Musa ya kawo mini ruwa a kwanon sha.

Ina kai kwanon baki sai abin ya fara, daga reshen da yake daidai kaina. Da farko na ɗauka ƙarar mota ce ta rage mini a kai. Sai wani ya karɓa daga gawon da ke bayan masallaci, wani daga can cikin gona, har iska duk ta zama sauti ɗaya mai kaifi, yana hawa yana sauka, babu wurin numfashi. Ban rasa ko ɗigo daga cikinsa ba. Ina jin na kusa daban, na nesa daban. Ina jin lokacin da na kaina ya tsaya ya sake ɗauka.

Malam Tanko ya karkato ya ɗaga murya.

"Sai haƙuri, Malam, a nan sai mun yi kamar muna faɗa kafin mu ji juna. Bana sun yi yawa. Ruwa ya kusa, in sha Allahu."

Na ce, "In sha Allahu."

"Ku ma haka suke damunku a wajenku?"

Na shanye ruwan, na ajiye kwanon a kan tabarma.

"A'a. Mu ba mu da su."

"To kun huta," in ji shi, ya juya ya amsa gaisuwar wasu da suka iso.

Na zauna har la'asar ina karɓar ta'aziyya, ina amsawa yadda ya kamata. Na jira wani abu ya taso mini a ƙirji, na 'yar'uwata ko na ɗaya abin, bai taso ba. Da zan tafi Musa ya biyo ni da ƙullin daddawa a leda. Ya ce ita ta yi da hannunta, ta ce a ajiye mini, idan na gama da albasa zan zo.

A cikin mota na yi tunanin tatsuniyar Inna, ba don na so ba. Ina yaro na ɗauka ba ta da ƙarshe. Ina ma'aikaci, idan ta faɗo mini, nakan ɗauke ta a matsayin tsoron da tsofaffi suke yi wa sabon abu. Yanzu ba na jin rijiyar ce ta dame ta. Ita ma ta ja jigo a fadama, ta san daɗin ruwa a lokacin rani. Abin da ta sani, wanda ba a koya mana a makaranta ba, shi ne mutum ba ya iya gaya wa kansa cewa lokaci ya yi. Sai wani abu daga waje ya gaya masa, abin da ba shi ya dasa ba, ba shi yake ba shi ruwa ba, kuma sau da yawa abin da yake damunsa. Ta kuma san cewa ba kowace asara ce take zuwa da zafi ba. Wannan ɓangaren ne ba ta iya bayyana wa yara ba, ko kuwa ta ga babu amfanin gwadawa.

Na sauka a bakin titi na shiga adaidaita sahu. Tun kafin mu kai hanyar ruwa ta farko kore ya dawo, dama da hagu, har iyakar gani. Na sa aka sauke ni nesa da gida kaɗan don in taka. Rana ta yi sanyi. A wata gonar tumatir wani magidanci yana tafe tsakanin kunyoyi da injin feshi goye a bayansa, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Da ya gan ni sai ya tsaya, ya sauke ƙyallen, ya rusuna.

"Barka da yamma, Malam. Ba za ka gane ni ba. Mahaifina ɗalibinka ne, shi ya koya mini. Duba mini, haka ne ko?"

Na dubi tsayuwarsa. Na dubi tazarar hannunsa da ganye, na dubi inda iska take kaɗawa. Na nemi abin gyara, na nema da gaske, domin mutumin yana tsaye yana jira.

"Haka ne," na ce. "Barka da aiki."